Kifin da Ya Hana Ni Hawan Arfa

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin yadda na sayar da kwale-kwalena da taruna na hau jirgin sama ba. Wanda ya taɓa rabuwa da kayan sana'ar ubansa ya san yadda abin yake, wanda bai taɓa ba kuwa ko na faɗa ba zai ji ba. Sunana Bawa, Basarke ne ni, masunci, daga wani ƙauye a bakin kogi kusa da Yawuri. Na shiga Saudiyya da bizar Umara cikin watan azumi, a shekarun da aikin Hajji yake faɗowa cikin ɗari, kuma na shiga ne da niyyar ba zan fito ba sai na hau Arfa. A zuriyarmu kaf babu wanda ya taɓa zuwa Makka. Mahaifina ya mutu da wannan burin a bakinsa, Inna kuma ta tsufa tana jiran ɗanta ya je ya yi masa addu'a a can. Kujerar Hajji ta fi ƙarfina, shi ya sa na bi hanyar talakawa: ka zo Umara, ka ɓuya, ka jira.

Kogin ma ya riga ya rabu da mu kafin in rabu da shi. A da ruwa yana da doka. Akwai gurbin da ba a taɓawa sai sarkin ruwa ya buɗe, akwai lokacin da kifi yake ɗauke da ƙwai ba a jefa birgi. Sai aka wayi gari wasu marasa albarka sun gano maganin feshin gona ya fi taru sauri. Su tuttula kwalba guda a gurbi, kafin rana ta ɗaga uwa da 'ya'ya duk sun taso ciki sama. Wasu kuma suka mai da gidan sauro koma, suna kwashe 'yan mitsi-mitsin da ko gishiri ba su cancanta ba. Na yi faɗa har muryata ta dushe, aka ce baƙin ciki nake yi wa masu neman abinci.

Zangona na farko bayan Umara shi ne Waziriyya, a kudancin Jidda. Wani direba ya sauke mu a bakin titi ya ce ga unguwar 'yan'uwanmu nan, ya ja motarsa. Na yi ta bin lunguna da jakata a kai, gidaje duk iri ɗaya, kyanwoyi sun fi kaji yawa, har ƙamshin suyar kifi ya kai ni wurin Hajiya Tabawa. Bakanuwa ce, ta kusa shekara ashirin a Jidda, tana soya kifi a bakin lungu bayan la'asar. Ita ta ba ni wurin shimfiɗa tabarma a rufin bene, ta kuma ba ni tuwon shinkafa kafin ta tambaye ni ko ni ɗan wane ne. Da na buɗe baki zan yi mata godiya sai ta ɗaga ludayi.

"Malam Bawa, rage murya. A can gida kuna kiran juna daga wannan gaɓa zuwa waccan, to nan ba kogi ba ne. Wanda ba shi da iƙama, takardar zaman ƙasar nan, ba shi da murya. In an taka ka, kai za ka ba da haƙuri. In ka ga motar askar, 'yan sandan nan, ka zama bango. Kana son Arfa ko ba ka so?"

Na ce ina so.

"To ka riƙe bakinka har ka sauko."

Zango na biyu Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni a nan Jidda. Can na yi dakon kwalaye a wani ɗakin ajiya, ni da na saba da iskar kogi, sai ga ni cikin rufin kwano ina shaƙar hayaƙin mota. Kalmar Larabci ta farko da ta zauna mini ita ce bukra, wato gobe, don ita shugaban leburori yake ba mu duk ranar biya. Ya san ba mu da inda za mu kai ƙara. Na tsaya gabansa raina yana tafasa, na tuna maganar Hajiya, na haɗiye. Wani Babangaladeshe da muke dako tare ya ga idona ya yi ja, ya ja ni gefe ya raba shinkafarsa biyu ya tura mini rabi. Ba mu jin yaren juna, muka ci muka tashi. A lokacin kewar gida ta fi damuna da hantsi, lokacin da na san jirage suna dawowa gaɓa, mata suna jira da kwanduna.

Da na gaji da bukra sai na koma taya Hajiya fere kifi. A nan Hamza ya gan ni. Hamza jininmu ne, kakansa ya zo da ƙafa daga ƙasar Hausa tun zamanin da, shi kuma a Jidda aka haife shi. Yana da takardu, yana da farar jallabiya mai guga, Hausarsa kuma rabi ce, sauran Larabci. Ya tsaya yana kallon yadda wuƙa take tafiya a hannuna.

"Ya akhi, kai sayyad ne? Mai kama kifi? Yalla, akwai shugul, akwai aiki. Gona ce bayan gari, ba askar, ma fi mushkila."

Hajiya ta ce in je, wurin ɓuya ne mai kyau. Ni ma na ce ɗan'uwa rabin jiki, na bi shi.

Zango na uku ke nan. Gonar tana gabas da gari, bayan duwatsu, a bakin wani kwari. Hanyar zuwa can ita ce hanyar da manyan tankoki suke bi suna zubar da ƙazantar birni a daji. Ranar farko na toshe hanci na tambayi Hamza ina wannan ruwan yake tafiya in ya nutse. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Allahu a'alam." Na ce a raina, ashe a kowace ƙasa akwai wanda bai ɗauki ruwa a bakin komai ba.

Mai gonar wani dattijon Balarabe ne, kowa yana kiransa Shaiba, wato tsoho. Hamza wakilinsa ne, shi yake fassara tsakaninmu. Shaiba ya yi zama a wata ƙasa mai tsananin sanyi da ƙuruciyarsa, daga can ya ɗauko son wani kifi da ma'aikatan wurin suke kira mabruk. Ya haƙa tafki babba a tsakiyar dabinai, rijiya tana ba shi ruwa, ya zuba su ya rena shekara da shekaru. Kifi ne mai manyan ɓawo, da ɗan gashin baki, da bakin tsotso, ya so ya yi kama da dumi na koginmu amma ya fi shi jiki. Akwai waɗanda sai ka rungume su da hannu biyu.

Ranar da na fara ganin yadda Shaiba yake kamun kifi na kusa yin saɓo. Ya zauna a kujera tun hantsi da sandar fatsa, bai motsa ba sai kusan azahar, sannan wata ƙatuwar uwa ta kama. Ya yi ta lallaɓa ta har bakin gaɓa, na sa koma na ɗauko. Na riga na fara lissafin albasa da tattasai. Sai tsohon nan ya sa na kwantar da ita a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, ya zare ƙugiya a hankali, ya shafa mata magani a leɓe, ya ce in mayar da ita ruwa.

Na dubi Hamza. "Me ya ce?"

"Ka mayar. Khalas, ya gama da ita."

"Ya gama me? Ai ko wuta ba a hura ba!"

Shaiba ya yi dariya har ya yi tari. Ni kuwa ban yi ba. Tun kakan kakana ban taɓa jin an kama kifi an ba shi haƙuri an sallame shi ba, na kuma ɗauka irin almubazzarancin masu ƙoshi ne. Amma da kwana ya yi kwana sai na lura tsohon nan yana abin da sarkin ruwanmu yake yi ne ta wata hanya. Ya san kowace uwa a tafkin, ya san wadda ta yi ƙwai bara.

Aikina shi ne shirin ɗari. Sanyin Jidda dai abin dariya ne ga wanda ya taɓa shiga kogi da asuba, amma can bayan duwatsu ruwa yakan yi sanyi sosai, kifin kuma yakan ji. Sai ya bar gefe ya koma ƙasa inda ya fi zurfi, ya taru wuri guda, ya rage ci. Kifin da a lokacin zafi yake wawar abinci, yanzu sai ya ɗanɗana ya tofar. Saboda haka tun kafin sanyin ya sauka ake fara saba masa da wuri. Na shiga ɗan jirgi da gora mai tsawo ina auna zurfi har na gano ramukan da suke kwanciya. Kullum da hantsi in dafa masara da sha'ir su yi laushi, in kwaɓa da ɗan ruwan dabino, in zuba a ramukan nan kaɗan-kaɗan. Shaiba ya ce in aka cika masa ciki ba zai dubi ƙugiya ba, in kuma ragowar ta ruɓe a ƙasa ita ce za ta ɓata ruwan.

Kayan kamun ma duk muka sake. Muka cire zare mai kauri muka sa siriri, don ruwan sanyi garau yake, kifi na ganinka mai jar koma. Muka koma ƙananan ƙugiyoyi, na zauna da zarto ina goge musu ƙayar baki don kada su yaga leɓe. Na ce wa Shaiba waɗannan robobin da yake sawa su nuna cizo sun yi nauyi, na sassaƙa masa na reshen dabino mai motsi ko kifi shinshinawa ya yi. Ya gwada, ya ji daɗi, ya ba ni wata tsohuwar rigar sanyinsa. Na ɗinke komar ɗauka, na share ganyen da ya faɗa ruwa. Gaskiya tun da na bar gida ban yi barci mai daɗi irin na wannan zangon ba.

Wata rana muna zaune Shaiba ya tambayi abin da ya kawo ni ƙasarsu. Na faɗa masa gaskiya, har da maganar mahaifina. Sai ya yi wa Hamza magana mai tsawo.

"Ya ce iyalinsa suna hawa Arfa duk shekara da ma'aikatansu," in ji Hamza. "Bana kai ma kana ciki. A motarsa za ka tafi."

Na durƙusa zan kama ƙafarsa, ya buge mini hannu da sandarsa ya ce, "Haram, ya waladi." Na koma bayan dabino na yi kuka.

Watan Hajji ya kama, sai ciwo ya kwantar da Shaiba aka kai shi asibiti. Ba a yi nisa ba wasu mutane suka zo da na'urar awo suna zagaya gonar. Na tambayi Hamza, ya ce 'ya'yan Shaiba sun sayar, gidaje za a gina, za a cike tafkin da ƙasa.

"Kifin fa?"

"Sun bar mini. Duk yadda na ga dama."

Na ce to a nemo taru, ni zan ja, a kwashe su da rai a kai wani tafkin, wanda za a ci kuma a ci shi da tsabta. Ya ce taru ɓata lokaci ne, masu ginin ba za su jira ba. Na ce babu wata hanya ai. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce kada in damu, maganar Arfa tana nan, gobe ma in shiga kasuwar Aziziyya in sayo haramina tun kafin ya yi tsada. Shi da kansa ya sa ni a mota da safe. Har addu'a na yi masa.

Da azahar na dawo da haramina a leda. Tun daga ƙofar gona na ji warin, kuma na san shi, don shi ne ya kore ni daga gida. Na yar da ledar na ruga. Tafkin ya yi fari da ƙananan kifaye, ciki sama. Kwaɗi sun mutu a gefe, wani balbela yana ta faɗuwa yana tashi. Galan-galan na maganin ƙwarin dabino suna yashe a ƙarƙashin kujerar Shaiba. A daidai ramukan da na yi makonni ina ciyarwa aka zuba, don an san nan suke taruwa. Ni na tara masa su da hannuna. Manyan kuwa babu ko ɗaya, an kwashe.

Mai gadin ƙofa, wani Bayamale, ya nuna mini hanya da hannu ya ce, "Waziriyya." Ya tsayar mini da motar kayan lambu, ya yi wa direban magana, bai bari na ce komai ba ya tura ni ciki.

Na isa bayan la'asar, lokacin da kasuwar lungu take ci. Ga motar Hamza a buɗe, ga uwayen Shaiba a jibge cikin ƙanƙara, ana sayar da su a farashin da ko ƙashi ba a samu. Ba zai kai su babbar kasuwa ba, don can akwai masu duba kaya. Sai ya kawo wa nasa, waɗanda ko cikinsu ya murɗa ba su isa su je asibiti ba. Mata sun yi dafifi. Na kutsa na ɗaga marfin kunnen wata uwa, jan da ke ciki ya koma toka-toka. Na nufi Hajiya Tabawa, ta riga ta sayi kwando guda tana shirin ferewa.

"Hajiya, kada ki soya. Guba aka sa musu."

Ta dubi fuskata, ta shinshina kifin, ta ture kwandon da ƙafa. Sannan ta damƙe mini riga.

"Na ji, ba zan soya ba. Zan bi su ɗaya-ɗaya in raɗa musu. Kai dai wuce sama ka kwanta. Sauran kwana nawa Arfa, Malam Bawa? Don girman Allah ka wuce."

Na tsaya. Wallahi na tsaya, ina kallo tana raɗa wa ta kusa da ita, wasu kuwa suna ƙulla leda suna shigewa lunguna. Raɗa ba ta gudun ciniki. Sai wata mata ta zo wucewa da goyo, ta ɗauko ƙaton kifi a kai tana murna.

A garinmu in aka sa wa ruwa guba ba a raɗa. Ana hawa turmi ne a tsakiyar kasuwa a yi yekuwa sau uku, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, kuma duk Basarken da ya sani ya yi shiru, shi da mai gubar ɗaya ne. Ban san lokacin da na taka wata durom ba. Na buɗe muryar nan da Hajiya ta yi wata uku tana dannewa.

"Jama'a ku ji! Kifin yau mushe ne! An sa wa ruwa guba! Kada kowa ya ci, kada kowa ya ba ɗansa!"

Sau uku na faɗa, kamar yadda ake yi. Kasuwa ta hautsine. Mata suka yi ta jifan motar da kifi suna neman kuɗinsu, aka buɗe tagogi, Larabawan unguwa suka leƙo. Hamza ya finciko ni daga kan durom yana zagina da harshe biyu. Kafin a raba mu motocin askar sun toshe bakin lungu ta gaba da baya.

Hamza ya gyara jallabiyarsa, ya zaro takardunsa, ya yi musu Larabci mai santsi yana nuna ni. Ban san abin da ya ce ba. Na dai ga sun dafa kafaɗarsa, ni kuma suka ce, "Iƙama." Ina ta nuna musu kifin ina cewa su shinshina, babu mai ji. Hajiya ta tsere ta ƙofar baya, Allah Ya rufa mata asiri, amma an kwashe mu da yawa a motar nan.

Zangona na ƙarshe shi ne tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ban ga laifin askar ba, aikinsu suka yi, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne 'yan'uwana da aka kamo tare da ni. Wani tela ya ce na tona wa mutane asiri. Wani ya ce wa ya naɗa ni sarkin ruwan Jidda. Na ce da na yi shiru da 'ya'yanku ne za su ci. Telan ya ce, "Da sun ci da sun yi gudawa sun warke. Yanzu wa zai ciyar da su?" Har yau in na tuna sai in ji kamar in shaƙe wani. Wanda ya zuba gubar yana gida yana shan shayi, mu muna nan muna cin naman juna.

A ɗakin nan ranar Arfa ta same ni. Akwai talabijin a saman ƙofa, muka ga dutsen ya yi fari fat da mutane, ga shi daga inda muke tafiyar ba ta kai daga garinmu zuwa Yawuri da jirgi ba. Na juya wa talabijin baya na yi wa mahaifina addu'a ina fuskantar bango.

Da na isa gida yara suka tarye ni suna ihun Alhaji ya dawo. Na ce su yi mini shiru. Na sami Inna a zaune a ƙofar ɗakinta tana gyaran wata tsohuwar koma. Ta kama hannuna ta shafa a fuskarta.

"Ka hau?"

Na ce ban hau ba. Na zauna a ƙasa na ba ta labari tun daga tafki har tarhil, ina jiran ta yi kuka ko ta ce na yi wauta kamar yadda kowa ya ce. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Kifin, an ci?"

"Ban sani ba, Inna. An mayar da da yawa. Amma wasu sun riga sun shige da shi gida kafin in hau durom."

"Kana ina sadda sunka shige?"

"Ina tsaye. Ina tunanin Arfa."

Ta saki hannuna, ta ɗauki komarta ta ci gaba da ɗinki.

"To ka makara da kiran," in ji ta. "Ubanka ba ya tsayawa."